Gyangyaɗin Dattijo Mai Ciwon Suga: A Daina Ɗora wa Tsufa Laifi

A yawancin asibitocinmu, ranar ganin masu ciwon suga tafiya ɗaya take yi. A auna nauyi, a ɗaura abin awon jini a damtse, a soki yatsa a ga lambar da na'ura za ta nuna, likita ya duba kati ya tambaya ko magani ya ƙare, ya sake rubuta wani, a kira na gaba. In an dace da likita mai natsuwa zai ce a cire takalmi ya duba ƙafa, ya tambayi lafiyar ido. Akwai tambaya guda wadda da wuya ka ji an yi wa dattijo ko dattijuwa a wannan ɗaki, alhali ba ta cin ko sisi: Baba, yaya barcinka da dare, kuma barci yakan kwashe ka da rana ba ka shirya ba? A gida ma riƙon sakainar kashi ake yi wa maganar. Tsoho ya zauna kan tabarma bayan karin kumallo, rediyo na magana a gefensa, carbi a hannu, kafin a gama labaran duniya kai ya sunkuya, carbin ya zame. Jikoki su yi dariya, uwargida ta ce a ƙyale shi, girma ne ya zo. Ra'ayina shi ne, ga wanda ya haura shekara 60 yana fama da ciwon suga, wannan gyangyaɗi alamar rashin lafiya ce da ya wajaba a bi sawunta da irin himmar da ake bin gyambon ƙafar da ya ƙi warkewa, domin ƙwaƙwalwarsa ce ke cikin haɗari, kuma galibin abubuwan da ke kawo shi suna da magani.

Mu fara da abin da ba a jayayya a kansa. Ƙididdigar da Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta fitar a 2021 ta nuna manya miliyan 537 ne ke ɗauke da ciwon, miliyan 24 daga cikinsu a yankin Afirka, kuma ana hasashen na Afirka za su kai miliyan 55 nan da 2045. Fiye da rabin masu ciwon a wannan yanki ba su ma san suna da shi ba. Najeriya kaɗai an ƙiyasta mata miliyan 3.6 a waccan shekara. Mun saba jin ɓarnar da suga ke yi wa ido da ƙoda da ƙafa, saboda ɓarna ce da ake gani ƙiri-ƙiri: makanta, wankin ƙoda, yanke ƙafa. Ta ƙwaƙwalwa ce ba a cika ambato ba, don sannu a hankali take zuwa, in ta zo kuma sai mu ce gigin tsufa ne mu wuce. Amma tun 1999 wani bincike da ya bi dattawa sama da 6,000 a birnin Rotadam na ƙasar Holan ya gano cewa ciwon suga ya kusan ninka haɗarin kamuwa da cutar mantuwa. A 2016 aka tattara bincike 14 da suka shafi mutum miliyan 2.3, aka sami ƙarin haɗarin ya kai kashi 60 cikin 100. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙananan jijiyoyin jinin da suga ke lalatawa a bayan ido da cikin ƙoda, irinsu ne ke ciyar da ƙwaƙwalwa. Ita kuwa ƙwaƙwalwa, duk da nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, tana cinye kusan kashi 20 na kuzarin da jiki ke ƙonawa, kuma sukarin da jini ke kai mata shi ne abincinta. Yawansa na yi mata illa a tsawon shekaru, ƙarancinsa na iya yi mata illa cikin sa'a guda.

To ina barcin rana ya shigo? A 2018 masu bincike na asibitin Mayo da ke Amurka suka ba da rahoto kan mutum 283 'yan shekara 70 zuwa sama, babu mai cutar mantuwa a cikinsu. An ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu fiye da sau ɗaya, da tazarar lokaci a tsakani. Kimanin kashi 22 na rukunin barci na damunsu da rana, kuma a ƙwaƙwalwar waɗannan ne aka ga furotin ɗin nan mai suna amiloyid, wanda ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu cutar mantuwa ta Alzaima, ya fi saurin taruwa. Wani aiki da ya fi wannan girma ya fito a 2022. Dattawa 1,401 na yankin Shikago aka riƙa ɗaura wa wata na'ura a wuyan hannu mai lura da motsinsu da kwanciyarsu, aka bi su har tsawon shekara 14. Masu barcin rana fiye da sa'a guda a kullum sun fi sauran haɗarin kamuwa da Alzaima da kashi 40. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne yadda barcin ke ƙaruwa: wanda hankalinsa ke lafiya, barcin ranarsa na ƙaruwa da kusan minti 11 a shekara, wanda tunaninsa ya fara rauni, minti 24, wanda aka tabbatar masa da Alzaima, minti 68. Gaskiya ne ba kan masu suga kaɗai aka yi waɗannan bincike ba. Sai dai mai suga tun farko haɗarinsa a sama yake, sannan ciwon nasa ya tara masa dalilan gyangyaɗi fiye da na tsararrakinsa, kuma kowane dalili daga cikinsu yana da tasa hanyar taɓa ƙwaƙwalwa.

Ɗauki darensa. Da zarar sukarin jini ya haura wajen 180, ƙoda ba ta iya riƙe shi, sai ya zubo cikin fitsari ya janyo ruwa tare da shi. Mutum ya tashi sau uku, sau huɗu, ya laluba takalmi da buta cikin duhu, ya dawo maƙogwaro a bushe ya sha ruwa, ruwan ya sake tashinsa. In namiji ne mai matsalar fitsari irin ta manyan maza, abin ya ninka. Ga kuma jijiyoyin ƙafa da suga ya taɓa. Masu fama da su kan ce tafin ƙafarsu kamar an zuba masa barkono, kuma da dare raɗaɗin ya fi tsananta, har wani ya sauko daga gado ya taka siminti mai sanyi ko zai sami sa'ida. Barcin da aka tsinka haka ba a banza yake tafiya ba, sukarin yake ƙara birkitawa. A 1999 masu bincike a Jami'ar Shikago suka taƙaita wa samari 11 masu ƙoshin lafiya barci zuwa sa'a huɗu a dare har kwana shida, sai saurin da jikinsu ke kwashe sukari daga jini ya ragu da kusan kashi 40. In haka ta faru da samari lafiyayyu cikin mako guda, sai a auna dattijon da ya shekara goma bai yi barci mai nauyi ba. Suga ya hana shi barci, rashin barci ya ɗaga masa suga, likita ya ga lamba ta hau ya ƙara magani, ba wanda ya tambayi dare.

Sai minshari, wanda muka mayar abin barkwanci tsakanin miji da mata da abokan tafiya. Akwai minshari na yau da kullum, akwai kuma wanda ke tafe da ɗaukewar numfashi, kuma duk wadda ta kwana kusa da mai irin wannan ta san shi. Minsharin ya yi ta hauhawa, sai tsit. Ƙirji na motsi amma iska ba ta shiga, daƙiƙa goma, ashirin, wani lokaci fiye, har mai saurare ta fara tunanin ta girgiza shi, sai ya yi wata irin shaƙuwa ya ja numfashi da ƙarfi, ya juya, ya ci gaba. Naman maƙogwaro ne ke saki ya toshe hanyar iska. Kowace toshewa na rage iskar oksijin a jini, ta ɗaga hawan jini, ta farkar da ƙwaƙwalwa na ɗan lokacin da mutum ba zai tuna ba. In abin ya yi tsanani, yana faruwa sau 30 ko fiye a sa'a guda. Da safe mutum zai rantse ya yi barcin sa'a takwas, amma ya tashi da ciwon kai da bushewar baki, kafin hantsi yana gyangyaɗi. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2009, an gwada barcin masu suga 306 masu ƙiba, aka sami fiye da kashi 86 suna da wannan cuta. A 2011 kuma Kristine Yaffe da abokan aikinta suka bi tsofaffin mata 298 na kimanin shekara biyar: cikin masu ɗaukewar numfashi kusan kashi 45 suka sami raunin tunani ko cutar mantuwa, cikin marasa ita kashi 31. Ba a ce adadin Amurka ne namu ba, domin da yawa daga tsofaffinmu na karkara ba su da jiki. Amma duba majalisun Kano da Kaduna da Abuja ka ga 'yan kasuwa da tsofaffin ma'aikata masu teɓa da kaurin wuya, waɗanda mota ke ɗauka daga ƙofar gida ta ajiye a ƙofar shago.

Inda gizo ke saƙar a wurinmu, a ganina, shi ne faɗuwar suga. Akwai tsohon magani mai araha da aka fi sani da Daonil, wanda ke tilasta wa jiki fitar da insulin ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba, kuma yana daɗewa a jiki, musamman in ƙoda ta fara rauni kamar yadda takan yi da shekaru. Jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya ya bayyana cewa bai dace da wanda ya haura shekara 60 ba, ya fifita ɗan'uwansa da ake sayarwa da sunan Diamicron. Duk da haka yana nan a kemis-kemis, kuma akwai dattawan da aka rubuta wa shi tun suna 'yan hamsin, suna ta saye da tsohuwar takarda ko da kwalin da ya ƙare. Dattijuwa ta haɗiyi ƙwaya bayan sallar asuba, kokon da za a kawo ya makara, ko kuma ranar gidan babu. Ga matashi, faɗuwar suga na zuwa da karkarwa da gumi da bugun zuciya, sai ya gane ya nemi abin zaƙi. Ga tsoho waɗannan alamu kan dusashe, abin da ke bayyana sai kasala, da magana ba kan gado, da barci. Sai a ce Inna ta gaji, a gyara mata filo. A 2009 Rachel Whitmer ta ba da rahoto kan masu suga 16,667 a Kalifoniya: wanda suga ya taɓa faɗo masa har aka kai shi asibiti sau ɗaya, haɗarin cutar mantuwa ya ƙaru masa da kashi 26, sau biyu, kashi 80, sau uku ko fiye, kashi 94. Abin kuma zagaye yake yi, domin wadda tunaninta ya fara rauni ita ce za ta manta ta sha magani ta sake sha, ko ta yi allura ta manta da abinci. A watan azumi lamarin ya fi ƙamari. Binciken da aka yi a ƙasashe 13 masu ɗimbin Musulmi kan mutum sama da 12,000, aka buga a 2004, ya nuna kashi 79 na masu nau'in suga na manya sun yi azumin aƙalla kwana 15, kuma faɗuwar suga mai tsanani ta ninka musu fiye da sau bakwai a cikin watan.

Wannan ya kai mu ga wani kuskure da ke da farin jini har a tsakanin masu ilimi, wato ganin cewa duk yadda lamba ta yi ƙasa haka lafiya ta yi sama. An gwada wannan tunani a babban binciken ACCORD a Amurka da Kanada, inda aka matsa wa wani rukuni na masu suga da magani don sukarinsu ya koma kusan na lafiyayyen mutum. A farkon 2008 aka dakatar da wannan ɓangare na binciken saboda mutuwa ta fi yawa a cikinsa. Reshen da ya duba ƙwaƙwalwar mutum 2,977 kuwa, bayan wata 40 bai sami wani fifiko a tunanin waɗanda aka matsa wa ba. Shi ya sa ƙa'idojin Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka suka sassauta wa tsofaffi: dattijo mai ƙarfin jiki a nemi gwajinsa na HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin wata uku, ya tsaya ƙasa da 7 zuwa 7.5, mai tarin cututtuka ko raunin tunani kuwa ƙasa da 8 ya wadatar. Ƙa'idojin sun kuma ce a duba tunanin duk mai suga ɗan shekara 65 zuwa sama a ganin farko, sannan duk shekara. Ɗan da ke yi wa mahaifinsa murna don na'ura ta nuna 75 da safe, alhali tsohon ya wuni yana layi, ya kamata ya sake lissafi.

Sauran dalilan ba sa buƙatar dogon bayani, buɗe ledar magani kawai suke so. Piriton da ake sha don mura ko ƙaiƙayi, Valium da Lexotan da ake saye don a samu barci, magungunan raɗaɗin jijiya da ake ba masu zafin ƙafa, duk suna barin maye a jikin tsoho har washegari. Metfomin, wanda shi ne ginshiƙin maganin suga kuma magani ne nagari, in an daɗe ana shan sa yana iya rage bitamin B12, ƙarancinsa kuwa na kawo kasala da mantuwa da mutuwar ƙafa, abubuwan da allura ko ƙwaya ke gyarawa. Ga ƙarancin jini, ga raunin ƙoda, ga ciwon damuwa da ke kama wanda ya rasa abokin zama ko ya bar aiki. Har goron da ake ci bayan isha'i da shayi mai kauri na hirar dare suna da nasu kason.

Na san abin da mai karatu zai fara cewa: ƙailula sunna ce, kuma a ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, kamar Sakkwato da Maiduguri, wanda bai kwanta da rana ba shi ne abin tambaya. Dattijon da ya tashi tsakar dare ya yi nafila, ya zarce asuba, ya zauna lazimi har rana ta fito, ga sauro ga rashin wuta, dole ya rama barci. Wannan magana gaskiya ce, kuma kimiyya ba ta ƙi ta ba. Wani bincike da masana daga Landan da Uruguwai suka buga a 2023, bisa bayanan ƙwayoyin gado na dubban mutanen Birtaniya, ya alaƙanta ɗabi'ar barcin rana da ɗan ƙarin girman ƙwaƙwalwa. Amma ƙailula abu ce da mutum ke niyya: ya san lokacinta, ya kwanta minti ashirin ko talatin, ya tashi garau ya yi alwala. Abin da ake magana a kansa a nan shi ne barcin da ke zuwa ba a gayyace shi ba, a tsakiyar hira, a kan abinci, cikin huɗubar Juma'a mako bayan mako, ko a bayan sitiyari. Barcin da ake tashi daga gare shi a gajiye. Barcin da bara rabin sa'a ne, bana ya koma sa'a biyu. Iyalin gida sun fi kowane likita iya bambance waɗannan biyun, in dai an gaya musu cewa bambancin na da muhimmanci.

Suka ta biyu ta fi nauyi, daga masana take fitowa. Za su ce duk binciken da aka ambata alaƙa suka nuna, ba su tabbatar da cewa gyangyaɗi ne ke haifar da cutar mantuwa ba. Mai yiwuwa cutar ce ta riga ta fara cin sassan ƙwaƙwalwa masu riƙe mutum a farke. Za su ƙara da cewa kwamitin masana na mujallar Lancet, wanda a 2024 ya lissafa abubuwa 14 da in an magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 na cutar mantuwa, ya sa ciwon suga da hawan jini da ƙiba a jerin amma bai sa barci ba, don hujjar ba ta kai ba tukuna. Ko bayanin nan da ya yi tashe tun 2013, cewa ƙwaƙwalwa na wanke dattinta lokacin barci, a ɓeraye aka gano shi, kuma wani binciken ɓerayen da ya fito daga Landan a 2024 ya ƙalubalance shi. Duk na yarda. Amma sukar ba ta taɓa gindin maganata ba. In gyangyaɗin sanadi ne, magance shi kariya ce. In kuma alama ce ta cutar da ta riga ta fara, to ai shi ne lokacin da ya fi dacewa a sani, domin mai suga da tunaninsa ya fara rauni bai kamata a bar shi da kwalbar insulin da sirinji shi kaɗai ba. A sauƙaƙa masa magani, a ɗora wani a kan ba shi, a sassauta lambar da ake nema. Ta kowace fuska aka duba, tambayar na da riba. Sannan faɗuwar suga da ɗaukewar numfashi da ƙarancin bitamin ba sa jiran a gama muhawara kan Alzaima kafin su cancanci magani. Suna kayar da tsoho ya karye a ƙugu, suna ɗaga masa hawan jini, suna sa direba ya saki hanya.

Wasu kuma za su ce cutar mantuwa ta Turawa ce, mu nan ba ta dame mu ba, kuma suna da abin kafa hujja. Aikin haɗin gwiwa da aka fara a 1992 tsakanin Jami'ar Ibadan da Jami'ar Indiyana, ƙarƙashin Farfesa Benjamin Osuntokun da Hugh Hendrie, ya kwatanta Yarabawan Ibadan da baƙaƙen fatar birnin Indiyanafolis 'yan shekara 65 zuwa sama, ya sami cutar a kashi 2.29 na mutanen Ibadan, a can kuwa kashi 8.24. Wani bincike da aka yi a Zariya aka buga a 2011 shi ma ya sami adadin da bai kai kashi 3 ba. Sai dai a tuna su waye tsofaffin Ibadan na wancan lokaci: mutanen da suka yi rayuwarsu suna tafiya a ƙafa, suna cin abincin gargajiya, kuma masu binciken da kansu sun nuna ƙarancin cututtukan jijiyoyin jini a cikinsu na daga abubuwan da ka iya bayyana bambancin. Wannan garkuwa ita ce ciwon suga da hawan jini ke fasawa yanzu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum sama da miliyan 55 masu cutar mantuwa, fiye da kashi 60 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki. Kuma inda ba a kiran cuta da sunanta, wani suna ake laƙaba mata. Tsohuwar da ta fara fita tsakar dare tana sambatu, wani gidan za a ce sammu ne ko iska, wani wurin ma ita za a zarga da maita.

Saura maganar kuɗi, wadda ba a raina ta a ƙasar da majiyyaci ke biyan mafi yawan kuɗin lafiya daga aljihunsa, kuma farashin magani ya yi tashin gwauron zabi tun faɗuwar naira a 2023. Na'urar CPAP mai hura iska ta hanci, wadda Colin Sullivan ya ƙirƙiro a Ostareliya, ita ce babban maganin ɗaukewar numfashi, amma tana da tsada kuma tana son wutar da ba ta ɗaukewa. Ko a inda ake da ita, babban gwajin da aka buga a 2016 kan mutum 2,717 ya nuna ta rage gyangyaɗi amma ba ta rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ba, wataƙila don masu amfani da ita ba su wuce sa'a uku da 'yan mintoci suna sanye da ita a dare ba. Don haka ba na kira a cika asibitoci da na'urori. Mafi yawan gyaran mai araha ne: canza Daonil, janye ƙwayar barci a hankali ƙarƙashin kulawar likita, daidaita suga don fitsarin dare ya ragu, kwanciya a gefe maimakon rigingine, rage ƙiba, tafiya da ƙafa zuwa masallaci da kasuwa. Awon gyangyaɗin ma yana nan tun 1991, lokacin da Murray Johns na asibitin Epworth a Melbon ya tsara tambayoyi takwas kan yiwuwar mutum ya yi gyangyaɗi a yanayi daban-daban, maki daga 0 zuwa 24, wanda ya haura 10 a bincike shi. Wasu tambayoyin, kamar karatun littafi da kallon talabijin da tsayuwa a cunkoson motoci, ba su dace da rayuwar tsohuwar ƙauye ba. Aikin asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri ne su daidaita su da zaman majalisa da sauraron rediyo da wurin wa'azi, yadda ma'aikaciyar jinya za ta yi su da Hausa cikin minti biyu tun ana kan layi. Kuma a riƙa shigo da wanda ke kwana kusa da majiyyaci, domin mai minshari ba ya jin minsharinsa, dattijo kuma ba kasafai yake yarda a gaban yaro cewa ya fara mantuwa ba.

A gida, abin da ya fi kowane amfani shi ne a gwada suga a daidai lokacin da gyangyaɗin ya zo, maimakon a tsaya ga gwajin safe kaɗai, a rubuta lambar da lokacin da abin da aka ci, a tafi da takardar tare da duk magungunan da tsohon ke sha, har na gargajiya da na kemis. In na'ura ta nuna ƙasa da 70, ko 3.9 a ɗaya ma'aunin, kuma yana iya haɗiya, a dama masa babban cokali na sukari a ruwa, a sake gwadawa bayan minti 15, a bi da abinci. Ko azumi yake yi, a nan ya wajaba ya karya. In ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya asibiti. Duk abin da aka faɗa a sama kan barcin da ke ƙaruwa cikin watanni da shekaru ne. Wanda jiya lafiya lau yake, yau ya kasa buɗe ido, yana ruɗewa, baki ya karkace ko jiki ya yi zafi, wannan ba a jira masa ranar ganin likita, domin yana iya zama suga ne ya yi mummunan hawa, ko zazzaɓi mai tsanani, ko shanyewar ɓarin jiki, kuma a irin wannan hali sa'o'i ake ƙirgawa.